Kifin da Idonsa Ke Ƙaura

Ruwan saman da ya sauka a Durun ta ƙasar Kabo ba ya zuwa teku. Yakan gangara rafi, ya tsaya a madatsun yankin irin su Guzuguzu da Magaga, abin da ya tsira ya bi kogin Challawa, ya gamu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Daga nan sai fadamun Nguru, sai Komadugu Yobe, in da sauran ƙarfi ya isa Tafkin Chadi, inda rana da rairayi ke shanye shi. Duk tsawon wannan tafiya babu wata ƙofa da ke buɗewa zuwa ruwan gishiri. Shi ya sa masuncin Kabo ko Gwarzo zai tsufa a bakin ruwa, ya san tarwaɗa da ƙurungu da karfasa da gaiwa ciki da bai, amma tarunsa ba zai taɓa fito masa da wani ɗan kifi da ke kwance a ƙasan tekun ƙasarmu ba, kifin da idanunsa biyu suke gefe ɗaya na kansa.

'Yan ci-ranin da suka leƙa kasuwannin kifi na Epe ko Makoko a Legas sun gan shi ko sun ga danginsa. Yarabawa na kiran wanda aka fi sayarwa da suna abo. Faffaɗa ne, marar kauri, gefe guda launin ƙasa, ɗaya gefen fari tas ba ido ba zane. Don sauƙin magana bari mu kira wannan dangi kifin faifai, tunda haka yake kwantawa. Wanda ya fara ganinsa yakan ɗauka an tsaga wani kifi ne gida biyu aka ba shi rabi. Larabawa ma haka suka gani, har suke kiransa samak Musa, suna ba da wani labari na baka cewa sa'ad da teku ta tsage wa Annabi Musa, alaihis salam, tsagin ya bi ta kan wani kifi, kowane rabi ya rayu. Labarin hira ne kawai, amma ya nuna irin mamakin da halittar ke jefa mutum.

Masana sun ƙidaya nau'i fiye da 700 a wannan dangi. Akwai ƙato na tekun arewacin Turai da kan haura kilo 200, akwai kuma waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. A gaɓar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 850, wanda 'yan kasuwa suka fi so shi ne Cynoglossus senegalensis da 'yan'uwansa, dogaye masu tsinin wutsiya, da kan haura rabin mita. Amma wanda ya fi jan hankalina ƙarami ne da ba a cika yi masa ciniki ba, Citharichthys stampflii, wanda masanin kifi na Vienna, Franz Steindachner, ya bayyana a 1894. Bai cika wuce taƙi ɗaya ba. Ana samunsa daga Senegal har Angola, ba a tsakiyar teku ba, a'a, a bakin gaɓa, a bakunan koguna, da manyan tafkunan da ke haɗe da teku kamar na Legas da na Abijan. Wurare ne da ruwansu ba shi da alƙibla ɗaya. Da damina kogin Ogun yakan cika tafkin Legas da ruwan daɗi har gishirin ya kusa ɓacewa, da rani kuma teku ta turo nata. Kifaye da yawa sukan yi ƙaura in ruwa ya juya. Wannan ɗan taliki yana jure wa sauyin, har yakan haura cikin koguna. Abincinsa ƙananan jatan lande, 'yan ƙaguwa da 'ya'yan kifi, kuma ba ya wahalar da kansa da bin su. Kwanto yake yi.

Abin da ya fi kome ban al'ajabi shi ne ba a haka aka ƙyanƙyashe shi ba. Uwar takan saki ƙwai ƙanana, kowanne wajen milimita ɗaya, su yi ta yawo a saman ruwa. Abin da ke fita daga ƙwan ɗan kifi ne kamar kowa: ido ɗaya dama, ɗaya hagu, yana iyo a tsaye, jikinsa garai har ana hango ƙashinsa. Da za ka sa shi kusa da ɗan karfasa, babu abin da zai nuna maka makomarsa. Sai ya yi kwanaki ko makonni, gwargwadon nau'insa da ɗumin ruwa, sannan aiki ya fara. Guringuntsin ƙoƙon kai ya soma murɗewa. Ido ɗaya ya tashi daga mazauninsa ya hau sama a hankali, ya ƙetare tsakar kai, ya sauka kusa da ɗan'uwansa. A wasu nau'o'in idon ba ta bisa yake bi ba, ta wata kafa da ke buɗewa tsakanin kai da gindin fiffiken baya yake ratsawa, in ya wuce kafar ta rufe. A daidai wannan lokaci ɗan kifin yakan fara karkata in yana iyo, jakar iskar da ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa ta shanye a yawancinsu, launi ya taru a gefen da idanu suka koma, ɗaya gefen ya zauna fari. Ranar da aiki ya kammala sai ya nutse ƙasa ya kwanta a kan gefen da ya rasa ido, kuma a haka zai ƙare rayuwarsa. A Sifaniya da Fotugal, inda ake kiwon nau'in Solea senegalensis a tankuna, masu kiwo suna kallon wannan sauyi da idonsu, yana farawa ya ƙare cikin kusan mako 3 na farkon rayuwar kifin.

Mai karatu ya lura da kyau: abin da muke gani kamar bayan kifin, haƙarƙarinsa ne. Abin da ke taɓa ƙasa kuma ba cikinsa ba ne, ɗaya haƙarƙarin ne. Kuma gefen da ido ke komawa ba kame-kame ba ne, gado ne. Citharichthys da Cynoglossus idanunsu hagu suke taruwa, su Solea kuwa dama.

Me ke ba da umarnin ƙaurar? Wata 'yar halitta ce da mu ma muke da ita a wuya, wadda in ta kumbura saboda ƙarancin sinadarin aidin muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Ruwan da take zubawa cikin jini shi ne ke mayar da talibamban kwaɗo ya zama kwaɗo, shi ne kuma ke tayar da idon kifin faifai. A 1985 wasu masana biyu na Japan, Inui da Miwa, suka gwada a kan nau'in ƙasarsu. Da suka ƙara wa 'ya'yan kifin wannan sinadari sai suka juye tun lokaci bai yi ba. Da suka toshe shi kuwa sai suka ci gaba da girma a siffar jarirai, ba su kammala juyewar ba. Ina ganin wannan darasi ya cancanci shiga ajin kimiyya na kowace sakandare a ƙasar nan, domin yana haɗa gishirin da ke cikin miyarmu da abin da ke faruwa a ƙarƙashin teku, kuma yaro ba ya mance abin da aka haɗa masa da gidansu.

Turawan ƙarni na 19 sun yi jayayya a kan wannan ido. A 1871 St. George Mivart ya ƙalubalanci Darwin da tambayar ko mene ne amfanin idon da ya yi rabin tafiya ya tsaya. Tambayar ta daɗe ba gamsasshiyar amsa, sai a 2008 wani ɗalibi a Jami'ar Chicago, Matt Friedman, ya sake duba ƙasusuwan kifi da suka daskare cikin duwatsun Bolca a arewacin Italiya, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kusan miliyan 50. Ya tarar da manyan kifaye, ba jarirai ba, da idonsu ɗaya ya hau kusa da tsakar kai bai ƙetare ba. Ko mutum ya karɓi bayanin Darwin ko bai karɓa ba, duwatsun suna nan ajiye a gidajen tarihi. Mu ma a tekun Afirka ta Yamma muna da mai rai da ya yi kusa da haka, Psettodes, wanda idonsa mai ƙaura ke tsayawa a kan tsinin kai, kuma shi a cikin zuriya ɗaya ana samun na dama ana samun na hagu.

Da kifin ya sauka ƙasa, sana'arsa ɗaya ce, ɓuya. Yakan karkaɗa fiffikensa da ke kewaye da jiki, yashi ya tashi ya sauko ya lulluɓe shi, ba abin da ya rage a waje sai idanu biyu da suka ɗago, kowanne na juyawa inda ya ga dama. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma da wuya a sami kifin da maganar ta fi dacewa da shi. Inda babu yashin rufa, fatarsa ce ke rufa masa asiri. Akwai ƙwayoyin launi a cikinta, baƙi da rawaya da ja, da ke bazuwa ko su tsuke bisa umarnin ƙwaƙwalwa. A 1911 Francis Sumner ya wallafa gwajin da ya yi a cibiyar binciken teku ta Napoli, inda ya riƙa ɗora kifin a kan tsakuwa, da yashi, da zane mai ɗigo-ɗigo, fatar kuma tana bin abin da aka shimfiɗa. An kuma gano cewa in kifin ba ya gani, ba ya iya kwaikwayon. Ashe da ido yake karanta ƙasa sannan ya rubuta ta a jikinsa. A 1996 Ramachandran da abokan aikinsa suka auna wani nau'i na ruwa mai ɗumi, suka ga yana sauya zanensa cikin daƙiƙa 2 zuwa 8. Wani kuma na Bahar Maliya, tekun da alhazanmu ke gani a Jidda, ya ƙara da makami: yana fitar da wani farin ruwa mai dafi daga gindin fiffikensa. Masaniyar nan Eugenie Clark ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa kifin shak yakan buɗe baki zai cafke shi, ya ji dafin ya janye.

To, ina ruwan Bahaushe da duk wannan? Ruwansa yana Binuwai. Ba kamar Challawa ba, Binuwai na da hanya zuwa teku: ya taso daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi, ya gamu da Neja a Lakwaja. Kogi ne mai kwanciya, marar gangara sosai, har a da jiragen ruwan kamfanonin Turawa kan kai Garwa da damina. Ta wannan buɗaɗɗiyar hanya wasu 'yan teku suka hauro suka zauna dindindin. A 1964 masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana wani kifin faifai na ruwan daɗi daga yankin Lagdo, fiye da kilomita 1,000 daga teku in an bi kogi. Suka raɗa masa Dagetichthys lakdoensis, don girmama Jacques Daget, Bafaranshen da ya yi shekaru yana nazarin kifayen Neja a Mali. Idanunsa na dama, yana kwance a yashin kogin da Hausawa masunta da 'yan kasuwar kifi suka daɗe suna ci daga gare shi. Lagdo ɗin nan dai ita ce aka gina wa madatsa tsakanin 1977 da 1982, wadda sunanta ke dawowa bakin 'yan Najeriya duk shekarar da aka yi babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022.

Shekara biyu kafin su bayyana wannan kifi, a 1962, Stauch da Blanc sun bayyana wani maƙwabcinsa daga Garwa, wanda shi kam Hausawan bakin Binuwai sun riga su saninsa har sun ba shi suna: kunaman ruwa. Shi ma faffaɗa ne, shi ma a yashi yake binne kansa, yana da doguwar wutsiya mai ƙaya da ke sukar wanda ya taka shi. Sai dai hanyar da ya bi ya faɗaɗa daban ce. Shi a kan cikinsa yake kwance, an danne shi ne daga sama zuwa ƙasa, don haka idanunsa ba su da buƙatar zuwa ko'ina. Dangin shak ne, ƙashinsa guringuntsi. Matsala ɗaya, wato yadda za a manne da ƙasa a kuma riƙa ganin sama, Mahalicci ya warware ta ta hanya biyu a kogi ɗaya. Yau kunaman ruwa ya yi ƙaranci a wuraren da a da ake yawan kama shi, kuma yana cikin jerin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Mu da ke ɓangaren Chadi ba a bar mu hannu rabbana ba. Cikin dangin ƙurungu akwai waɗanda ke iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, suna kiwo a fuskar ruwa. Ana samunsu a Neja da Chadi da Nilu, har Misirawan dā sun zana su a bangayen kaburburansu a haka. Kifi na yau da kullum bayansa duhu ne cikinsa fari, don mai kallo daga sama da mai kallo daga ƙasa duk su kasa tantance shi. Waɗannan ƙurungu sai launin ya juya, cikin ya fi bayan duhu. Ƙa'idar da ta bar gefen kifin faifai fari ita ce ta baƙanta cikin ƙurungu: ɓangaren da ke kallon haske shi ke ɗaukar launi. Ga kuma gaiwa, wadda ta fi kowa amincewa da laka. In ruwa ya janye takan tona rami ta naɗe, majinar jikinta ta bushe ta zama kwanso, ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska da huhu har ruwa ya dawo. Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma bincike bai ƙaryata su ba, domin tsokarta take narkarwa a hankali ta rayu a watannin rani.

Abin da ya haɗa waɗannan duka, na teku da na tafki, shi ne ƙasan ruwa. Mu mutane fuskar ruwa muke kallo. In madatsa ta cika ta batse muka ce alhamdu lillahi, ruwa ya yi kyau. Amma ga kifin da aka gina jikinsa kacokan don kwanciya a yashi, yashin nan shi ne gida, shi ne gona, shi ne mafaka. Karfasa ma a ƙasa take share gurbin da za ta yi ƙwai. Duk abin da ya taɓa ƙasan ya taɓa su, ko da saman na sheƙi.

A teku babban mai taɓa shi shi ne jirgin jan taru. Yakan saki taru mai nauyi da sarƙa a baki, ya ja shi a kan ƙasa na sa'o'i, yana kwashe abin da ya tarar yana kuma birkice wurin. Masu neman jatan lande don fitarwa waje su suka fi ɓarna, saboda idon tarunsu ƙanana ne, kuma jatan landen na zaune ne daidai inda 'ya'yan kifi ke girma. Dabarar da ta tsare kifin faifai daga maƙiyansa, wato ya lafe kada ya motsa, ita ce ke miƙa shi ga wannan taru. Doka ta san da haka. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana waɗannan jirage aiki cikin mil 5 na ma'aunin teku daga gaɓa, wato wajen kilomita 9, an bar wurin ga masu kwalekwale. Sun kuma ƙayyade idon jakar taru, milimita 76 ga na kifi, 44 ga na jatan lande. Doka ce mai kyau a takarda, amma masuntan gaɓa sun daɗe suna kukan jirage na shigo musu da dare suna tsinka musu kaya. Ƙara da yasar yashi a tafkin Legas don cike ruwa a yi gini, da malalar ɗanyen mai a kurmin bakin teku na Neja Delta, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ta shige cikin laka ta zauna. Ɗan kifin da ya gama ƙaurar idonsa ya sauko neman wurin kwanciya, a irin waɗannan wurare yake sauka.

Kada mu yi saurin nuna Legas da yatsa. Duk wanda ke bin hanyoyin yammacin Kano ya saba gamuwa da tifofi ɗauke da yashin kogi, suna ɗiga ruwa a kan kwalta. Gini dole ne, ban ce a daina ba, amma ba kowace gaɓa ce ta ɗiba ba, kuma ba kowane wata ba. Noma har bakin ruwa da sare itatuwan gaɓa suna tura ƙasar gona cikin madatsu duk damina, zurfi na raguwa, laka mai kauri na binne yashi da tsakuwar da wasu kifaye ke buƙata. Akwai masu zuba gamalin a ruwa don su kwashi kifi a yini ɗaya, alhali guba ce da ke kwantawa cikin laka ta daɗe, ta bi tsutsa ta shiga tarwaɗa, ta bi tarwaɗa ta shiga tukunya. Akwai masu mayar da gidan sauro taru, wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. Manyan madatsunmu ma, Tiga ta 1974 da Challawa ta Ƙaraye ta 1992, da duk alherin da suka kawo na noman rani da ruwan sha, sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masuntan can suka ji a jikinsu.

Abin da na fi so in gani ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar jiran Abuja. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin kifi, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ma tana koyar da shi, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ɗalibi ɗaya da igiya mai ma'auni da kwalekwalen haya zai iya auna zurfin Guzuguzu ko Magaga ko Pada a wurare ƙayyadaddu, da rani da kaka, ya rubuta, wani ya maimaita baɗi. Ya zauna da sarkin ruwa da dattawan masunta, ya rubuta sunan kowane kifi da Hausa kamar yadda suke faɗa, da inda yake kwana, da watan da yake ƙwai, da wanda suka ce a da ana kamawa yanzu an daina gani. Da irin wannan rubutu ne ƙaramar hukuma da masu unguwanni za su iya cewa ga gaɓar da ba a ɗiban yashi, ga watannin da za a ɗaga wa ruwa ƙafa, ga idon tarun da ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Stauch da Blanc ma ba da wasu manyan na'urori suka gano kifayen Binuwai ba. Abin da masunta suka fito da shi daga ruwa suka duba da kyau, suka auna, suka rubuta.